Hannun Taubashiyata Ba Ya Cin Gashi

Ina gaida masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. Abin da zan faɗa ya kwana biyu da faruwa, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka mai yiwuwa na gauraya wasu ranaku, mai yiwuwa kuma na sa wata magana a bakin wadda ba ita ta faɗe ta ba. Na dai yi iya ƙoƙarina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan garin. Ya isa in ce wani gari ne a ƙasar Buza, cikin duwatsu, ba nisa da Deule.

A lokacin ina da shekara ashirin da ƴan kai. Na dawo daga jami'a a Yamai da lisans ɗina, wato digirin farko, aka tura ni in koyar da ilimin halittu a kolej, wato makarantar sakandaren garin da aka haifi mahaifiyata. Ni ce mace ta farko a danginmu da ta kai wannan matsayi, kuma na san da haka fiye da yadda ya kamata. Ni mutum ce mai tsoron kuskure. Darasi ɗaya sai in karanta shi sau uku kafin in tsaya gaban allo, kuma da wuya ka ji na ce "tabbas". Kullum sai "wataƙila", sai "ban dai sani ba". Mutanen gari suka ɗauki wannan hali nawa a matsayin natsuwa. Suka riƙa cewa Madam ba ta magana sai ta auna. Ban san wannan yabo zai zama makami a hannuna ba.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, damina ɗaya aka haife mu. Aji biyu ta yi a lakwal, wato makarantar boko, ta bari. Mijinta yana Abijan wajen nema, a lokacin ya shekara uku bai zo ba, sai saƙon murya a waya, kuma da kitso take riƙe da ƴaƴanta uku. A gindin bedi, wato darbejiyar ƙofar gidansu, take shimfiɗa tabarma, mata su zauna suna jiran layi. A wajenmu mata sun yarda akwai hannun da ke tsirar da gashi, akwai kuma hannun da ke cin sa, kuma kowa ya shaida nata mai tsirarwa ne. Har daga Tabotaki ana kawo mata amare a kan moto, wato babur. Ita kanta idan ta kwance kanta za ta wanke, gashin yana sauka har tsakiyar bayanta, baƙi wuluk, mai nauyi. Tun muna yara nake kiran ta Wutsiyar Doki, ita kuma da na dawo sai ta raɗa mini Madam Takarda. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, wanda aka tsokana sai ya rama.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce ina jin zafinta. Da na dawo da takardata an yi kwana biyu ana zuwa yi mini barka, daga nan kowa ya koma gindin bedi. Can ake dariya, can ake jin labarin gari, can ake neman shawara idan yaro ya ƙi nono ko miji ya daina kira. Mahaifiyata ma idan tana son a yanke wata magana, sai ta ce bari a ji ta bakin ɗiyar ƙanenta. Nakan zauna a ɗaki ina gyaran takardun ɗalibai ina jiyo shewarsu, in riƙa tambayar kaina me na je yi Yamai shekara huɗu.

Na dawo a rame, mata suna ta cewa karatu ya tsotse ni, taubashiyata kuma tana cewa idan iska ta taso a ɗaure ni a turke tare da awaki. A ƙasarmu mace mai jiki ita ce mace, ita kuma Allah ya ba ta jiki daidai. Sai na sayi ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Ni da nake koya wa yara aikin hanta da ƙoda, na san bai kamata ba, amma na ce wa kaina na wata ɗaya ne kawai. Wata ɗaya ya zama wata da watanni. Ga shayi mai sukari sau uku a ɗakin malamai, ga fanke da safe, furata ma sai na zuba mata sukari. Na yi jiki, aka yaba, na ji daɗi. Bayan haka abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Al'adata ta rikice, wani lokaci ta yi wata biyu ba ta zo ba. Ƴan gasu masu kauri suka fito mini a haɓa, ina tsige su a ɓoye. Da na ci abinci sai barci ya danne ni. Sannan tsagar kitsona ta tsakiyar kai ta fara faɗi, har ina ganin fatar kaina tana ƙyalli a madubi.

Wata ranar Alhamis, ina jin bayan sallar layya ce da kaɗan, na je kitso. Akwai mata kamar biyar ko shida a tabarma. Ta kwantar da kaina a cinyarta ta sunkuyar da ni don ta kama ƙeya, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta shafa bayan wuyana da babban yatsa, ta sake shafawa. Sai ta ɗaga murya yadda ta saba, ta ce jama'a ku zo ku ga wuyan Madam Takarda ya koma gindin tukunya, ko a Yamai ba a koya wanka ba ne. Aka fashe da dariya. Sai ta rage murya kaɗan, amma ba yadda sauran ba za su ji ba, ta ce wasa dai wasa, amma ita ta san wannan baƙin. Ta ce haka wuyan marigayiya goggonta, wato yayar mahaifiyata, ya yi, haka tsakar kanta ta buɗe, kafin a gaya mata tana da ciwon sukari, kuma ta ga irin haka a wuyan wasu mata biyu da take yi wa kitso. Ta ce in tafi likita a duba jinina tun kan nawa bai koma ƙwarya ba, don ita ba ta iya kitsa ƙwarya ba. Aka sake dariya. A ƙa'idar wasa ya kamata in rama, in ce mata jaka ma tana da gashi ba ta da karatu, a yi dariya a wuce. Ban iya ba. Abin da kawai na ji shi ne mai aji biyu ta kira ni ƙazama, kuma ta koya mini ilimin jiki a gaban mutane.

Akwai al'adar da kowace mace a wajenmu ta sani. Idan an gama kitso, makitsiya takan tattara gashin da ya zube a mataji da tabarma, ta dunƙule shi ta damƙa wa mai shi, ita kuma ta je ta binne ko ta cusa a tsagar bango, don kada ya faɗa hannun mugu. Ran nan gashin da ya zuba yana da yawa. Ta miƙo mini dunƙule ɗaya, amma da na juya ina ɗaura kallabi, na ga ta ƙulle saura a haɓar zanenta. Na gani da idona. Da na tambaye ta a wurin, da magana ta ƙare. Ban tambaya ba. Na adana abin a zuciyata kamar wadda ta tsinci wani abu mai amfani.

Na daina zuwa wurinta. Na riƙa dirzar wuyana da soso da dutsen goge kaushi har ya yi ciwo, baƙin bai tafi ba. Na shafa man shanu a kai, na shafa ruwan albasa, na sayi wani mai a kwalba da na gani a bidiyon waya, na kwana da lalle a kai. Gashi ya ci gaba da zuba. Sau biyu ta zo gidanmu, ta tsaya a ƙofar ɗakina tana cewa ƴar uwa ba ki tafi likitar ba har yanzu. Na farko na ce ina da aiki. Na biyu na ce mata ni nake koyar da wannan ilimi, ba na bukatar darasi daga gindin bedi. Ta yi dariya ta ce to Allah ya ba Madam haƙuri, ta tafi. Tana tafiya ina kallon jelar kitsonta da ta leƙo ta ƙarƙashin kallabi, ina jin kamar in kama in tsinke.

Sai aka yi suna a gidan wani malamin lakwal ɗinmu. Muna zaune a ɗakin mai jego, mata cike, wata dattijuwa da ake jin maganarta a gari ta tambaye ni me ya sa ba a ganina a wurin kitson ƴar uwata. Abin da nake tunawa na ce shi ne: ni dai ban ce komai ba, kuma Allah ya kiyaye ni da zargi, amma tun da ta fara taɓa kaina gashina yake zuba, kuma akwai ranar da na ga ta ƙulle gashina a zanenta, ban dai san inda ta kai shi ba. Na ƙara da cewa wataƙila ba komai ba ne. Dattijuwar ta kama haɓa ta ce la'ilaha illallahu.

Ina so masu karatu su fahimci wani abu, domin shi ne ya fi damuna. Ban yarda ta yi mini sammu ba. Ko a lokacin ban yarda ba. So nake ya zama gaskiya, ko kuma aƙalla mutane su ɗauka gaskiya ne. Kuma na san yadda zan faɗe shi. Da wata mai surutu ce ta faɗa, da an ce halinta ne. Amma Madam ce, wadda ba ta magana sai ta auna, kuma ga shi har tana cewa ba ta zargi kowa ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai rijiya, ta kai injin niƙa, ta kai kasuwar Tabotaki. Kowace mace da gashinta ya taɓa karyewa sai ta tuna a hannun wa. Wata ta ce dama ta yi mamakin yadda gashin mutum ɗaya zai yi wannan tsawo, ashe na mutane take tarawa a kanta. Uwar wata amarya da aka riga aka sa ranar kitsonta ta aiko cewa sun fasa. Na riƙa wucewa ta ƙofar gidan kawu in ga tabarma a shimfiɗe ba kowa, ita tana zaune tana tsefe kan ƙaramar ɗiyarta ta sake kitsewa don kada hannu ya zauna. Zan yi ƙarya idan na ce tausayi na ji. Sanyi na ji a raina. Kawu ya daina shigowa gidanmu. Mahaifiyata ta kira ni ta tambaye ni, ɗiyata, ke kika faɗi wannan magana? Na ce ni ban ce ta yi ba, abin da na gani kawai na faɗa.

Watanni suka wuce, ban tabbata nawa ba, wataƙila biyar. Ƙishirwa ta dame ni, ina fita aji ina shiga. Wata rana ina rubutu a allo jiri ya ɗebe ni, na dafa tebur, daraktan makaranta ya ce ba zan koma aji ba sai na kawo takardar likita. Na je ƙaramar likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu. Sajfam ɗin, wato ungozomar likita, tana ganina ta ce a'a, yau ga mai gashin ta zo da kanta. Na ce wane gashi. Ta ce ai kwanakin baya taubashiyarki ta zo nan da gashi ƙulle a zane, ta kwance a kan teburina, ta ce don Allah in auna mata shi in gani ko akwai sukari a ciki, mai shi ta ƙi zuwa, girman kai ya hana ta. Ta ce ta yi dariya har da hawaye, ta gaya mata ba a auna gashi a nan, jini ake aunawa, ta je ta jawo mai kan. Tana ba ni labarin tana dariya, tana soka mini allura a yatsa. Ni kuwa ji na yi kamar benci ya nutse da ni.

Ta tura ni Madawa. Can aka ɗebi jinina da safe kafin in ci komai, aka yi analiz, wato gwaje-gwaje iri-iri, har da na ƙarancin jini da na maƙoƙo, domin likitar, wadda mace ce, ta ce su ma suna zubar da gashi. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani, zan faɗe shi yadda na fahimta, idan na yi kuskure masana su gyara. Ta ce jikina ya daina jin sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka yadda ya kamata, sai yake ta ƙara fitar da shi, wannan kuma yana rikita ƙwan mace, ya sa sinadarin maza ya yi yawa. Shi ya kawo rikicewar al'ada, da gashin haɓa, da buɗewar tsakar kai. Baƙin wuyan kuma ba dauɗa ba ne, alama ce ta wannan matsala. Ta ce ina bakin ƙofar ciwon sukari, kuma ƙwayoyin da na sha sun tura ni, ko da yake mai yiwuwa akwai gado a ciki. Na tambaye ta, cikin ƙaramar murya, ko kitso na iya jawo haka. Ta ce kitso mai tsauri yana cin gashi, amma a goshi da gefen kunne yake ci, inda ake ja, kuma nawa goshin lafiya lau yake. Sai ta tambaye ni wa ya fara lura da wuyan, tunda mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Na ce makitsiyata. Ta ce to ki riƙe ta da kyau, tana da ido.

Maganin ba na rana ɗaya ba ne. Ba ta bar ni na yar da ƙwayoyin ƙiba a take ba, ta ce yin haka yana da haɗari, a hankali aka janye su. Ta rubuta mini ƙwayar da ke taimaka wa jiki da sukari, da wani ruwa da nake ɗigawa a fatar kai, ta gargaɗe ni cewa duk ranar da na yi aure nake neman haihuwa in dawo a sake duba magungunan. Na bar shayi mai sukari, na koma fura da nono kawai, na rage tuwo na ƙara ganye da wake, na riƙa zagaya dutsen bayan gari da ƙafa kowace safiya. Wata uku ban ga komai ba, har zubar ta ƙaru da farko. Sai daga baya ƴan ƙananan gasu suka fara fitowa. Yau tsakar kaina ta rufu, ba kamar da ba, amma ta rufu. Wuyana ma ya washe sosai.

Na fi wata ɗaya da dawowa daga Madawa kafin in iya zuwa wurinta. Ban same ta a gida ba. Aka ce rani ya yi, ta bi mata aikin albasa a fadama. Can na same ta a duƙe tana yanke ganye, tafin hannunta duk ya tsage, yatsun da ke tsaga kitso kamar an ja da zare sun yi kaushi. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da cewa ban taɓa yarda da zargin ba. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga bayan kallabina ta duba wuyana, ta tambaye ni me likita ta ce, ina shan maganin kuwa. Na ce ina sha. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce ta yafe, tun da uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito ba ta da yadda za ta yi, amma ba ita ya kamata in zo in gaya wa cewa ba ta yi komai ba, ita ta riga ta sani. Ta koma ta duƙa kan albasarta.

Na gane nufinta. A bikin farko da aka yi bayan nan, da mata suka taru, na miƙe na cire kallabina, abin da ban yi a gaban kowa ba fiye da shekara. Na nuna musu kaina da wuyana, na faɗi abin da likita ta ce, na faɗi inda aka kai gashin da abin da ya sa, na ce hassada ce ta sa ni magana. Wasu suka ce Allah sarki. Wasu suka sunkuyar da kai. Dattijuwar nan kuwa ta juya ga ta kusa da ita ta ce wa ya sani ko yanzu da asiri aka juya bakin Madam. Na ji da kunnena. A nan na fahimci maganar ta fi ƙarfina.

Wasu mata sun koma tabarmarta, ƙawayenta na kusa da tsofaffi. Amare ba su koma ba. Uwar amarya ɗaya ta gaya mini a fili cewa ta yarda da ni, amma kan ɗiyarta ɗaya ne, ba za ta gwada da shi ba. Bayan damina taubashiyata ta kwashe ƴaƴanta ta koma wajen dangin mijinta a ƙasar Garhanga. Na ji ana cewa ba ta yi wa kowa kitso can sai ƴaƴanta. Muna gaisawa a waya ranar salla.

Ƴan uwana mata, idan tsakar kanku ta fara buɗewa, al'ada ta rikice, wuya ko hammata suka yi baƙi, kada ku tsaya kan mai da lalle, kada kuma ku nemi wanda za ku ɗora wa. Ku je a auna jininku. Ku nisanci ƙwayoyin ƙiba, na sha na gani. Idan makitsiyarku ta ce ta ga wani abu, ku saurare ta, tana kallon wurin da ba ku gani. Ga waɗanda suka yi karatu irina kuma, ku sani mutane suna ɗaukar "wataƙila" ɗinmu da nauyi, kuma ana iya kashe sana'ar mutum da ita ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Ciwona an samo masa magani cikin watanni. Abin da na yi mata har yau ban samo nasa ba.

Na san mujallar nan tana zuwa hannun malamai da ma'aikatan likita a Buza da Keita da Madawa, kuma wasu za su gane labarin. Ina roƙon duk wadda take ɗakin mai jego ran nan, idan ta ga na yi kuskure, ta rubuto a gyara. Musamman kalmomin da na faɗa. Na lura duk lokacin da na tuna su suna ƙara laushi, kuma ban yarda da kaina ba a kan wannan. Idan abin da ya fito daga bakina ya fi wanda na rubuta muni, don Allah a rubuto shi yadda yake, a buga.